Hoton Ƙarshe na Malam Ina-Ido

Jiya an kai kyamararka wurin mai gyara domin ya duba agogonta. Yau kwana tara ke nan da ka rasu a safiyar Talata, goma sha ɗaya ga wata. Wani masunci ne ya same ka a bakin tafki, zaune ka jingina da bishiya, kyamarar tana tsaye gabanka a kan ƙafafunta uku. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara goma sha huɗu muna haɗuwa kowace Asabar a ɗakin baya na shagonka na wankin hoto, mu masu ɗaukar hoton tsuntsaye. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, da gilashin ƙara girma mai tsagaggen mariƙi. Kowa ya shimfiɗa aikinsa, ka sunkuya, ka yi tambayar da ta zama sunanka: "Ina ido?" In idon tsuntsu bai fito tar ba, ko fukafukan sun kai me kyau, sai ka kife hoton. Ka ce ido mai kyau madubi ne, wanda ya iya ɗauka zai hango kansa a ciki.

Doka ta biyu, kada a dasa tsuntsu a tsakiya. Ranar da na kawo cilakowa zaune daram a tsakiyar takarda, ka ɗago ka ce, "Ɗan jarida, wannan ai hoton fasfo ne. Biza zai nema?" Aka yi ta dariya. Washegari kuma kai ne ka zo har ofis da ruwan tabarau na kyamararka, ka ce in riƙe sai hannuna ya daina rawa. Wata bakwai na riƙe shi, ba ka taɓa tambaya ba. Wani direba a cikinmu da ka kife wa hoto sau tara, kai ka wanke na gomansa da girma, ka rataye a ƙofar shago.

Abu ɗaya ka hana mu: ɗaukar ka hoto. Shi ya sa iyalinka ba su da hotonka ko ɗaya, ban da na katin shaida.

Kwana uku da rasuwarka babbar 'yarka ta kawo mini katin ajiyar hotuna na kyamarar. Hotuna ashirin da biyu ne na wani zalɓe. Ashirin da ɗaya aikinka ne, ko daga nesa zan shaida: tsuntsun yana gefe, an bar masa hanya a gabansa. Na ƙarshen daban yake. Zalɓen yana tsakiya, ya matso har kansa ya cika hoton, yana kallon kyamara. Kai ka koya mana cewa zalɓe ba ya kusantar abin da ke motsi. Kuma a shekara goma sha huɗu ban ga idon da ya fito kamar wannan ba. Da na ƙara girmansa a kwamfuta, sai ga ka a ciki, ƙarami, jingine da bishiyar, hannuwanka biyu a kan gwiwa. Igiyar da kake latsawa ka ɗauki hoto an same ta a rataye jikin ƙafar kyamara.

Likita ya ce ka cika tsakanin shida da rabi da ƙarfe bakwai. Kyamara ta rubuta bakwai da minti goma sha biyu. Masuncin ya ce bai iso ba sai bakwai da rabi, kuma bai taɓa komai ba.

'Yarka ta kalli allon kwamfutar. Ta ce, "Kawu, ni dai faɗa mini, yana da rai a nan? In yana da rai, zan wanke wa Inna ta rataye. In babu, a goge." Na ce ban sani ba. Ka horar da ni in gane kaifi da tsari, ba ka horar da ni wannan ba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ya bai wa mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu haƙurin rashinka, da mu da muka saura a kan teburin nan.

Mai gyara ya ce agogon irin wannan kyamara yakan yi gaba, wani lokaci har da minti arba'in. Ranar Asabar zai faɗa mana ko naka ya yi.