Laimar Kwaɗi a Zanen Gadona

A gidanmu na Kontagora, Gwaggo, yayar mahaifina, ita ke ɗinka wa kowace amarya zanen gado. Farin yadi ake kai mata, ta cika shi da furanni da tsuntsaye da zaren ulu. Da aka sa ranar aurena, a farkon shekarun casa'in, sai ta ce ita wannan karon baƙin yadi take so. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, allura ma sai an zura mata zare.

Abin da ta ɗinka a kai ya fi baƙin yadin tayar da magana. Laimar kwaɗi ce, manya da ƙanana, da wani koren zare mai fari-fari wanda sai da aka karaɗe kasuwa kafin ta yarda da shi. Ta ce tana yarinya a Zugurma, wata damina sun yi sammakon itace, gari bai gama wayewa ba, ta ga laimar kwaɗi a kan ruɓaɓɓen kututture tana haske kamar an kunna mata fitila a ciki. Ba ta sake gani ba. Duk wanda ta ba labarin sai ya yi dariya. Inna, mahaifiyata, takan ce, "Kai Yaya, maƙesu dai kika gani."

Ni ban san ko ta gani ba. Na dai san damina guda ta cinye tana lalube da yatsa, tana soke kanta, tana warwarewa tana sake ɗinkawa, kuma kowa ya san daga wannan ba za ta ƙara wani ba.

Amarya ba ta zuwa jeren ɗakinta, don haka a bayan idona aka yi. Matan da suka je suka ce haba, wa ya taɓa shimfiɗa wa amarya baƙi, balle abin da ke tsirowa a kan ruɓa? Suka cusa shi ƙasan akwati, suka shimfiɗa na kanti. Wallahi na ji haushi, amma amarya ba ta da baki.

Da baƙi suka tsagaita, wata rana da hantsi aka riƙo hannun Gwaggo ta zo ganin ɗaki. Ba ta kula kwalla ko kwanuka ba, gado ta nufa. Ta ɗora tafinta tana shafawa daga kai har ƙafa, tana neman tudun zare. Sumul. Ta janye hannu ta ce, "Wannan zai yi daɗin wanki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizge na kantin na jefar, na zazzage akwati na shimfiɗa nata. Matar da ta rako ta ta ce, "Ke, me dangin miji za su ce?" Na ce su faɗa.

Gwaggo ta shafa, yatsunta suka tsaya a kan babbar laimar. Ta ce, "Rufe mana taga da ƙofa, 'yata."

Na rufe. Baƙin yadin ya ɓace a duhun ɗaki, koren ne kawai ya rage, dishi-dishi.

"Ni ban ga yadda ya fito ba," in ji ta. "Ki gaya mini gaskiya, yana haske?"

Na ce, "Yana yi, Gwaggo."

Ta ce, "To haka na gan shi."