Sunan da Malam Lukuman Ya Ambata a Talabijin

Malam Lukuman Dabo malamin bayoloji ne a makarantar sakandaren da muka yi aiki tare a ƙasar Gwarzo. Ni Hausa nake koyarwa, teburina yana kallon nasa a ɗakin malamai, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuwa daga bakinsa na ji.

Ɗan ƙauyen Mainika ne. Kakanninsa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, amma mahaifinsa Sajo bai taɓa rabuwa da shanu ba, kuma an san shi da iya zaɓen bijimin da zai gyara garke. Lukuman gajere ne, mai sanyin murya, yana da 'yar in'ina wadda ba ta fitowa sai an matsa masa. Ya fara koyarwa daidai lokacin da ostariti ya shigo, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka daina kawo wa makarantu kayan aiki. Ɗakin gwaje-gwajenmu ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru. Shi kuwa sai ya biya wajen mahauta da sassafe ya karɓo huhun rago, ya zura masa bututun biro, ya hura a gaban aji har huhun ya kumbura. Ɗalibai su yi ta ihu, amma ba wanda ya ƙara mance yadda numfashi yake.

Amininsa guda ɗaya ne, Malam Datti, limamin wani masallacin unguwa a Kabo, mai 'yar makarantar Islamiyya a zaurensa. Ya girmi Lukuman da shekara goma. A Kabo aka fara tura Lukuman aiki, Malam Datti ya ba shi ɗaki, daga nan suka shaƙu. Bayan an mayar da shi Gwarzo ma, duk Asabar sai ya hau mota ya je. Malam Datti yana da ƙaramar talabijin mara kala wadda yake haɗawa da batirin mota, kuma ba abin da yake so kamar shirin dabbobi. Ba ya jin Turanci, Lukuman ne tafintansa.

Wata Asabar aka nuna shirin da ya shafi juyin halitta, ga ƙoƙunan kai da aka tono, ga birai, ga wani Bature yana ta bayani. Lukuman ya fassara iyakar iyawarsa. Da aka gama Malam Datti ya cire wayar batirin ya ce, “Wannan kuke koya wa yara?”

“Babi ɗaya ne, Malam, a ajin ƙarshe. Yana fitowa a jarrabawa.”

Malam Datti ya ce, “Ni dai Annabi Adamu daga ƙasa aka halicce shi, ba ni da kokwanto, kai ma na san ba ka da shi. Amma cewa dabba tana sauya kama idan zamani ya yi tsawo, wannan ai ko mahaifinka ya gani a garkensa. Ka faɗa wa yara abin da masu binciken suka ce, ka kuma gaya musu su ne suka ce. Ba laifi ba ne mutum ya san maganar wani.”

Da wannan Lukuman ya riƙa koyar da babin shekara da shekaru, hankalinsa kwance.

A shekarar dubu biyu aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Dukanmu mun yi murna, har da Lukuman. Sai dai lokaci ne da ake auna kowace magana, kalmar sekula, wato mai raba addini da mulki, ta zama zagi, in an jefe ka da ita sai ka yi ta rantsuwa. Wani gidan talabijin a birni ya buɗe filin muhawara na mako-mako a kan addini da boko da tsarin mulki. Suka aiko wa makarantarmu takarda suna neman malamin kimiyya daga karkara. Kowa ya noƙe. Ni ne na dami Lukuman.

Na ce masa, “Malam, duk ƙasar nan wa ya kai ka iya bayani? Ka je ka wayar wa mutane da kai.”

Gaskiyar magana, ina so ne in raka shi in ga yadda ake ɗaukar shiri. Ban taɓa shiga gidan talabijin ba. Matarsa Uwaliya ba ta so tafiyar ba, amma ta kai babbar rigarsa aka buga, muka kama hanya ranar Laraba.

Ɗakin ɗaukar shirin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, fitilu kuwa zafi kamar bakin murhu. An jera 'yan kallo kamar talatin, ina cikinsu. Baƙi uku ne: wani lauya, sai Lukuman, sai wani matashin malami mai suna Ustaz Abdulnasir, wanda ya yi boko ya yi Arabiyya, ga shi da kaifin baki. Lauya ya cinye rabin lokaci a kan ko ƙasar nan sekula ce ko ba sekula ba ce. Daga nan mai gabatarwa ya sa aka nuna wani guntun shiri, zanen biri yana miƙewa a hankali a hankali har ya zama mutum. Ana kashewa Ustaz ya juyo.

“Malam, wannan da muka gani kana koyar da shi?”

“Ina koyarwa, amma abin da masana suke nufi ba wai…”

“E ko a'a?”

“E.”

“To a cikin hoton nan wanne ne kakanka?”

'Yan kallo suka fashe da dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Lukuman ya buɗe baki zai kawo misalin garken mahaifinsa, wanda tun a mota yake maimaita shi, sai in'ina ta kama shi a kan kalmar bijimi. Ya yi ta fama da harafin farko, gumi yana bin wuyansa. Ustaz ya jira shi da murmushi, sannan ya ce, “Bar shanu, Malam. Kai ka yarda da abin nan ko ba ka yarda ba?”

“Ban yarda ba. Aiki ne aka ba ni.”

“Ashe kana ciyar da iyalinka da abin da ka san ƙarya ne.”

Na ga Lukuman ya waiga hagu da dama. Sai ya ce, da sauri, ba ko in'ina, “Ai na tambayi malamai. Malam Datti, liman a Kabo, shi ya ce mini ba laifi.”

Ustaz ya gyara zama. “Limamin Musulmi ya ce ba laifi a gaya wa 'ya'yanmu kakansu biri ne?”

Abin da ya kamata Lukuman ya ce bai wuce kalma biyar ba. Bai faɗa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “E, haka dai.” Mai gabatarwa ya ce lokaci ya cimma mana.

A waje Lukuman ya bi mai gabatarwar har bakin motarsa yana roƙon a yanke wurin. Mutumin ya ce ba komai, za a duba. Sai ranar Lahadi za a sa shirin, wato akwai kwana huɗu a tsakani. Da motarmu ta tsaya sauke fasinja a Kabo na ce masa, “Ko mu sauka ka sanar da Malam?” Ya ce gobe zai dawo shi kaɗai. Ban matsa ba, yunwa nake ji, ina so in isa gida. Gobe ta yi bai je ba. Asabar ma, ranar da bai taɓa fashi ba, ya ce zazzaɓi yake yi.

Ba a yanke komai ba. Daga baya muka ji cewa Malam Datti ya fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida bayan la'asar, ya sa an shimfiɗa tabarmi, ya gayyato maƙwabta su zo su ga amininsa. A gabansu ya ji sunansa.

Cikin mako biyu sahun masallacinsa ya ragu. Samari suka koma wani masallacin, iyaye suka fara janye yara daga zaure. Sau ɗaya ya tashi bayan salla ya faɗi ainihin abin da ya ce, bai zagi Lukuman ba, bai ma kira sunansa ba. Wasu suka gamsu, wasu suka ce ai a talabijin aka faɗa, kuma wanda ya faɗa amininsa ne, me zai sa ya yi masa ƙarya? Dattawan unguwa suka roƙe shi ya ɗan ja gefe har hankula su kwanta. Ya ja, aka sa wani na riƙo, na riƙon ya zauna ke nan. Malam Datti ya koma gonarsa.

Lukuman kuwa ba abin da ya same shi. Har yaba masa wasu suka yi, wai ya fito ya faɗi gaskiya cewa bai yarda ba. Wannan yabon ya fi komai ƙona shi. A aji wani ɗalibi ya tambaye shi, “Malam, tunda ka ce ƙarya ne, in ya fito a jarrabawa mu rubuta ko mu bari?” Ya juya ya goge allo. A shekarar ya tsallake babin. Shekarar da ta biyo ya roƙi shugaban makaranta ya mayar da shi koyar da aikin gona. Ya rubuta wa gidan talabijin takardar gyara har sau biyu, ba a karanta ba. In tafiya Kano ta kama shi, da an doshi Kabo sai ya kifa kai a kan gwiwa kamar mai barci. Na sha zama kusa da shi a mota ina ganin haka, ban taɓa ce masa komai ba, don na san rabona a ciki.

Shekara uku aka yi a haka. Ran nan da hantsi muna ɗakin malamai sai muka ji sallama. Malam Datti ne, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Lukuman ya miƙe, kujerarsa ta faɗi, ya durƙusa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, damina, gajiya, duk kansa yana ƙasa. Sauran malamai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ni na kasa tashi.

Malam Datti ya ce, “Wata buƙata ce ta kawo ni. 'Yar wajena Halima Sa'adiya tana son shiga makarantar koyon jinya, sau biyu bayoloji yana kayar da ita. Na duba ban san wanda ya fi ka ba.”

Lukuman ya ce, “Malam, ni da na…” Sai kuka ya ƙwace masa.

Malam Datti ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, “Ba zan ɓoye maka ba, na ji ciwo. Na yi shekara ba na son a ambace ka a gidana. Abin da ka faɗa a can na san tsoro ne, na ga fuskarka. Amma na zauna ina jiran ka zo washegari ka tsaya a masallaci ka faɗi yadda muka yi. Wataƙila su saurara, wataƙila su ƙi. Ba ka zo ba.”

“Zan zo yanzu, Malam. Zan faɗa.”

“Ka zo in kana so. Ni dai yarinyar ce a gabana.”

Ya je kuwa, na raka shi. Bayan sallar azahar ya nemi izinin sabon liman ya miƙe, ya yi bayani tiryan-tiryan, yana in'ina yana ci gaba, ya ce shi ya yi wa Malam Datti ƙage. Mutane kamar ashirin ne. Tsofaffi biyu suka ce Allah ya kyauta. Wani saurayi a gefena ya tambayi na kusa da shi wane shiri ake magana a kai. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Ba wanda ya ce a mayar wa Malam limancinsa, shi ma bai nema ba.

Wata bakwai Lukuman yana zuwa Kabo yana koya wa Halima Sa'adiya karatu a zauren mahaifinta, ta kuwa ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, tana da 'ya'ya huɗu. Shi da Malam Datti sun ci gaba da gaisawa, in ana ciwo ko bikin suna sukan je wa juna, amma hirar nan ta da ba ta dawo ba. Lukuman ya ce mini laifinsa ne, in ya zauna gaban Malam sai ya ji bakinsa ya yi nauyi. Da Malam Datti ya rasu, shekara shida bayan haka, iyalinsa suka ce Lukuman ya matso sahun gaba wajen jana'iza. Ya ƙi, ya tsaya can baya.

Bai koma koyar da bayoloji ba har ya yi ritaya. Yanzu yana Mainika, a gidan da mahaifinsa ya bari, da shanu biyar da gonar dawa. Idonsa ya yi rauni. Na je na ce masa ina so in rubuta labarinsa. Ya ce in rubuta, amma kada in gyara masa komai, kada kuma in ce matsa masa aka yi, don an matsa wa mutane da yawa a lokacin amma ba su kira sunan kowa ba. Na ce to, zan kuma sa dariyar da na yi. Ya ce wannan ruwana ne. Uwaliya ta kawo mana fura, muka sha, na kamo hanyar Gwarzo kafin la'asar.