Malam Sikeli da Kundi Mafi Nauyi

Sikeli ɗalibai suka raɗa masa, malamin da ke duba kundin kammala digiri a sashensu. Shi bai ga dalilin ɓata idonsa da karatu ba, hannunsa ya ishe shi. Sai ya ɗora kundi a tafi, ya jinjina, ya taɓe baki, ya wurgo maka abinka: "Wannan ɗan firit ɗin ne bincike? Ɓace min da gani!" Haka ya yi ta maimaita wa 'ya'yan mutane shekara.

Da ya yi ritaya, ya kai gida kundin da ya fi ba maki, jibgege, don jikarsa ta ga aiki. Yarinyar ta buɗe tsakiya ta ce, "Kaka, in yi zane a nan? Ai babu rubutu."