Makon da na bi mutane ina neman yafiya

Shekarun baya, lokacin ina kuku a wata makarantar kwana ta wajen Safana, aka kawo mana katin inshorar lafiya. Akawun makarantar ne ya tara mu a bakin kicin ya raba, ya ce daga yau duk wanda jikinsa ya motsa ya nuna katin a asibiti, za a duba shi. Kowa na murna, ni kuwa ina jujjuya nawa. Ga hotona, ga sunana, ga kuma sunan makarantar a sama da manyan baƙaƙe. Wannan sunan ne ya tsaya mini a rai.

Ni karatuna a firamare ya tsaya, amma na san yadda abu ke tafiya a gidanmu na Karare. Idan mahaifina ya kai mutum asibiti ya biya, shi likita ke kira gefe ya gaya wa abin da ke akwai, ba marar lafiyar ba. To tunda ta hannun makaranta katin ya fito, ai makaranta ce uban. Haka na lissafa.

Ba a daɗe ba na fara wata irin kasala, abinci ya fita raina. Na hau mashin na tafi asibiti a Batsari don kada in haɗu da idon sani. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, likita ya ce ciwon hanta ne, amma yana kwance, in riƙa zuwa ana dubawa, in rage maiƙo, in bar jiƙe-jiƙe. Na ce, “Likita, ni fa abincin yara nake dafawa.” Ya ce ba a ɗaukarsa ta abinci, in ci gaba da aikina. Yana magana yana danna kwamfuta. Na tambaye shi ina rubutun ke zuwa. Ya ce, “Baba, nan yake zama.” Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba.

Abu biyu na dawo da su. Na farko, idan makaranta ta ji kuku na da ciwon hanta, aikina ya ƙare, domin a wajenmu ko gumin mai wannan ciwo gudu ake. Na biyu, kawuna da irinsa ya rasu, cikinsa a kumbure. Sai na ga ai gara in shirya.

Kun san al'adarmu, wanda ya ga tafiya ta matso yakan nemi a yafe masa. To ni ban bar kowa ba. Na fara da abokan aikina na kicin. Na tsayar da akawu a hanya na ce ya yafe mini duk abin da na taɓa yi masa, a sane ko a rashin sani. Na samu mahaucin da ke kawo mana nama na roƙe shi gafarar ƙorafin ƙashi da nake yawan yi. Na mayar wa abokina mai gadi fartanyarsa da ta shekara a wurina. Sannan na daina sa hannu a kwanon da muke ci tare da rana, mu 'yan kicin da akawu da mai gadi, na zo da cokalina da kofina ina komawa bayan rumbu. Duk da likita ya ce ba komai, gani nake idan wani ya kamu alhakin yana wuyana.

Kafin mako ya zagayo gaisuwa ta canja. Wanda a da yake cewa “Baba kuku, ya aiki?” sai ya koma “Baba kuku, ya ƙarfin jiki?” Matar wani malami ta aiko mini da kunu. Liman ya riƙe hannuna bayan la'asar ya yi ta addu'a. Na ce shi ke nan, kwamfuta ta yi magana.

Sai shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce in je gida in huta, za a samu mai riƙe kicin. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, lafiyata ƙalau.” Ya ce, “Na sani, je ka dai huta.” Ya sani? Me ya sani? Na fito ina cewa aikina ya ƙare, domin na ga yadda ake sallamar mutum, da hutu ake farawa.

Washegari na koma Batsari, na nemi teburin masu inshora a asibitin. Wata mata ce a wurin. Na gaishe ta sosai, sannan na ce, “Hajiya, ba faɗa na zo yi ba. So nake in san wa ya kai maganata wajen aikina.”

Ta ce, “Wace magana?”

Na duba hagu da dama, na kasa faɗa.

Ta yi dariya ta ce, “Baba, ka ga ni ma da nake zaune a nan ka ƙi gaya mini. Makarantarku ta san kana da kati, iyakarta ke nan. Ciwonka ba a kai mata. Ofishin inshora ne ke ganin abin da aka yi maka don ya biya asibiti, su ma ba su da izinin faɗa.”

Na ce, “To su ofishin inshorar, ba su da 'yan'uwa a Safana?”

Ta ce wannan kuma ba ta sani ba. Na fito a ruɗe fiye da yadda na shiga.

Abokina mai gadi ne ya biyo ni har Karare da yamma. Bayan mun gaisa ya ce, “Wai kai mutuwar ce, ko Makka za ka ba mu sani ba?” Na ce wa ya gaya musu ba ni da lafiya. Ya buɗe baki yana kallona.

“Wa ya gaya mana? Mutumin da ya bi gari yana neman yafiya har wurin mahauci? Ka dawo mini da fartanya, kai da ko allura ka ara sai an yi shari'a! Sannan ka koma bayan rumbu da cokali kamar baƙon Bature.”

Ashe babu wanda ya san komai. 'Yan kicin sun ce sammu aka yi mini. Mahauci ya ce mafarki na yi. Shugaba kuwa ya ɗauka zafin murhu ne ya fara taɓa mini kai, shi ya sa ya ba ni hutu.

Da na koma na je ofis zan yi bayani, shugaba ya ɗaga hannu. Ya ce, “Likita ya hana ka aiki?” Na ce a'a. Ya ce, “To sauran ba nawa ba ne. Yara sun gaji da ɗanyen tuwo, koma kicin.” Ranar na ajiye cokalina na sa hannu a kwano tare da kowa.

Yanzu na bar aiki da girmana, ciwon kuma yana nan kwance, ina zuwa ana dubawa. Na gane cewa ni na yi ta tsoron kwamfuta, alhali ni ne ke yawo da labarin ƙofa-ƙofa. Sai dai akwai abin da har yau ban warware ba. Tun daga ranar da na dawo kwano, duk lokacin da aka samu nama, akawu zai sa yatsa ya janye mai kitsen daga gabana, ya turo mini tsoka. Bai taɓa cewa komai ba. Shi ne fa ya raba mana katin. Ko ya sani ne, ko kuwa kitse kawai yake so? Mun haɗu kwanan baya a wurin wani suna, ga shi ya tsufa, aka ajiye mana kwano ɗaya. Na yi niyyar tambayarsa. Kafin in buɗe baki, ya janye kitsen.