Labarin da Iya Ta Rufe

Har yau in rana ta take, kwanon rufi ya fara ƙarar nan tasa, ƙas, ƙas, kamar ana taka shi da sanɗa, sai na ajiye abin da ke hannuna. Na san zafi ne ke miƙar da ƙarfe. An koya mini a makaranta, ni ma na koya wa 'ya'yan wasu. Amma sanin bai taɓa hana tsikar jikina tashi ba.

A Kankiya muka tashi, a shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a hannun mutane, kowa yana sauke bunu yana buga kwano. Babanmu ma ya buga, ɗaki bayan ɗaki, sai na mahaifiyarsa, kakarmu da muke kira Iya. Ita 'yar Mawashi ce, can ƙasar Kusada, kuma ta ce ba za a dafa ta cikin tukunya tana da rai ba. Ɗakinta kaɗai ya rage da bunu a gidan. Ni take kira tsohon miji. Ƙanina kuwa, wanda bai isa shiga makaranta ba, shi ne ango, kuma ango ne ke samun ƙanzon tuwo.

Iya ta iya tatsuniya, amma tana da dokoki biyu. Ba a yi da rana sai an ƙulla bunun ɗaki tukuna, in ba haka ba mai yin zai ɓata. Sannan wadda aka buɗe dole a rufe ta. Ko da duk mun yi barci, sai ta kai ta ƙarshe ita kaɗai, ta ce ƙurunƙus, sannan ta kwanta. A wurinta labari ƙofa ne, kuma mai hankali ba ya barin ƙofa a buɗe ya tafi.

Wata bazara kawunmu ya zo, ƙanen mahaifiyarmu. Direban babbar mota ne, yana kai shanu Ikko ya dawo da siminti. Tsarabar da ya kawo mini wani littafi ne mai zane-zane, kowane shafi an raba shi gida-gida, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin wani abu kamar mafitsara. Ban taɓa ganin irinsa ba. Yana warin man mota, kuma shafukan ƙarshe babu su. Kawu ya yi dariya ya ce da su ya goge hannu a hanya, ai takarda takarda ce.

A inuwar bishiyar bedin da ke ƙofar gida na zauna da shi, da rana tsaka, ƙanina ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Turancina na lokacin bai fi a sayi gishiri da shi ba, don haka inda kalma ta gagare ni sai in bi hoto. Labarin wasu dogayen mutane ne da suka sauko daga taurari cikin wani jirgi mai kama da ƙwarya a kife. Ba su da baki, ba su da inuwa. Ba su kashe kowa ba, ba su ƙona komai ba, kuma wannan ne abin tsoron. Gida-gida suke bi a hankali suna neman wani yaro. A shafin ƙarshe da ya rage, yaron ya ɓuya a bayan tukunyar ruwa, su kuma suna tsaye a bakin ƙofa, ɗaya ya miƙo hannu mai tsawo.

"Sai mi ya faru?" in ji ƙanina.

Na ce masa nan ya ƙare. Ya dube ni, ya dubi takardar.

Washegari da hantsi aka neme shi aka rasa. A bayan randar ɗakin mahaifiyarmu aka same shi a takure. Da farko dariya aka yi. Amma kullum sai haka: da rana ta fara tsayawa, kwano ya fara ƙas, ƙas, sai ya shige bayan randa, ba ya fitowa sai inuwa ta juya. Ya daina cin abinci. Ba ya kuka, ba ya zabura, idanunsa dai a kan ƙofa. In an tambaye shi sai ya ce, cikin raɗa, "Suna nan. Ba su shigo ba, ba su tahi ba."

Ni ban ga kowa ba. Amma na daina son wucewa ta bakin ƙofar nan da rana, kuma na lura akuyar gidanmu ma ta canza wurin kwanciya.

Babanmu ya karɓo rubutu wurin malam, aka ba ƙanina ya sha. Aka kai shi asibitin sha-ka-tafi, malamin asibiti ya duba ya ce babu zazzaɓi. Yaro dai sai ramewa yake, wuyansa ya yi siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Na gwada ƙirƙiro ƙarshe da kaina. Na ce sojoji sun zo da bindigogi sun kore su, jirgin ya tashi. Ya girgiza kai ya ce ƙarya nake, waɗannan ba a korarsu. Ranar na ji tsoro na gaske, don na ga ƙanina zai mutu a bayan randa muna kallo.

Da abin ya ishi babanmu, ya fizgi littafin zai jefa a murhu. Iya ta riƙe masa hannu.

"In ka ƙone ta, ta ina za su koma?" in ji ta. "Ba ni wagga takarda."

Da tsakar rana ta yi abin. Ta miƙa hannu ta ja bunun bakin ɗakinta ta ƙulla shi tamau. Ta je da kanta ta ɗauko ango daga bayan randa, ta ɗora shi a cinya, ta sa ni in faɗa mata labarin tun daga farko. Ba ta iya boko ba, amma ta daɗe tana kallon hoton ƙarshe. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar kwanon sauran ɗakunan.

"Tsohon miji, kai ka yi wauta," ta ce da ni. "Baƙon da ya yi doguwar tahiya irin wagga, ka taɓa ganin ya koma hannu rabbana?"

Sai ta buɗe labarin yadda ake buɗe tatsuniya, muka amsa. Ta ce dogayen mutanen nan suna tsaye a bakin ƙofa, sai ga wata tsohuwa ta fito daga ɗakin bunu da sandarta. Ta yi musu sannu da hanya, ta ba su ruwa, duk da ba su da bakin sha. Sannan ta ce musu, "Ku bar mini angona, bai ko iya ɗaura wando ba, wahala zai ba ku a hanya. In abokin tahiya kuke nema, ga ni, na ci rabona. Amma ku bari in ga an shigo da gero." Dogayen suka dubi juna. Mai miƙo hannu ya janye hannunsa.

Mahaifiyarmu tana bakin murhu, ta ce, "Subhanallahi, Iya, bar faɗin haka!"

Iya ba ta ko waiwaya ba. Ta ce ƙurunƙus, ta rufe littafin, ta kwance ƙullin bunu. Ƙanina ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce yana son fura. Ya sha har ya ɓata rigarsa, ya yi barci a cinyarta.

Damina ta sauka, ta yi kyau. Ango ya murmure, ya koma bin ƙadangaru da tsakar rana kamar ba shi ba. Iya tana nan lafiyarta lau, tana kaɗi, tana tsokanarmu. Sai dai ta ba mahaifiyarmu tasoshinta, ta aika wa ƙanwarta a Mawashi da zannuwanta masu kyau, ta ce sun yi mata nauyi. Aka yi girbi, jakuna suka shigo da dammunan gero, ta zauna a bakin ɗakinta tana sa albarka. Bayan 'yan kwanaki, ana dab da kiran azahar, aka same ta a wurin, ta jingina da bango, fuskarta tana kallon ƙofar gida. Babanmu ya ce ajali ne, tsohuwa ce, kwananta ya ƙare. Gaskiya ya faɗa, ni ma haka na yi imani, Allah ya jiƙanta.

Za ka zaci na tsani irin waɗannan littattafai. Ko kaɗan. Na karanta su har idona ya nemi tabarau: na aljanu, na duniyoyin da babu su, na masu tafiya tsakanin taurari. Masu yawan harbe-harbe da fashe-fashe ba sa burge ni, hayaniya ce kawai. Wanda ya iya shi ne wanda zai sa abu ya tsaya shiru a bakin ƙofa, kuma ya san ba a sallamar irin wannan baƙo kyauta. In jikokina suka tambaye ni wanne za su karanta, irin waɗannan nake nuna musu. Su kuwa yanzu a waya suke kallon nasu, kashi bayan kashi, ba a taɓa rufewa, kuma a duk unguwarmu babu sauran ɗakin bunu.

Ƙanina yau dattijo ne, da furfurarsa da jikokinsa. Ba mu taɓa tayar da zancen ba sai bara, muna zaune bayan wani ɗaurin aure. Na ce masa, cikin wasa, ko ya tuna lokacin da hoton littafi ya hana shi cin tuwo? Na zaci zai yi dariya. Ya daɗe yana juya carbinsa.

"Yaya," ya ce, "kai takarda kake kallo ranar, ni ƙofa nake kallo. Da ta ce ga ni, dukansu sun juya sun dube ta."