Ƙiryar da Gwadabe Ya Ajiye

Gwadabe masassaƙi ne ɗan masassaƙi, mutumin Zandam, gajere mai faɗin kafaɗa wanda bai iya doguwar gaisuwa ba. Tun bai kai ɗaukar gatari ba yake bin ubansa daji yana riƙe masa gorar ruwa, kuma da ya kawo ƙarfi sai ya fi uban hannu. A zamaninsa, matar da aka kai ɗaki da turmin Gwadabe tana da abin yi wa maƙwabta yanga. Daga kasuwar Gwaram har ta Birnin Kudu ba ya komawa gida da kwantai. Ƙirya kaɗai yake sassaƙawa, don ita ce itacen da ke binne uwa ta binne 'ya, turmin yana nan ana daka.

Masassaƙan wancan lokacin suna da wata al'ada. In mutum ya tsinci ƙirya matashiya miƙaƙƙiya a can cikin daji, ba ya sare ta. Sai ya yi mata shaida da gizago, ya cusa dutse a tsakanin manyan rassanta biyu, ya bar ta ta yi ta girma. Ajiya suke ce mata, kuma duk masassaƙin da ya ga dutsen sai ya wuce abinsa. Gwadabe ya yi tasa ajiyar shekarar da aka haifi ɗansa Munzali, a gindin wani falalen dutse nesa da kowace hanya. Ya ce sai ranar tsufa.

To, tsufan ya zo, ya kuma tarar da duniya ta sauya. Injin niƙa ya shiga kowace unguwa. Masu gawayi sun bi ƙiryar da ke kusa sun cinye tas, motoci suna ta jidar buhuna zuwa birni. Samarin masassaƙa suka koma darbejiya da mangwaro, shi kuwa ya rantse ba zai sa hannu a turmin da zai tsage kafin amarya ta yi yaye ba. Sai ya zama mai gyaran ƙotar fartanya, aikin da a da yake bar wa masu koyo. Matarsa Kaltume ta rasu, gidan ya yi masa faɗi. Munzali, wanda yanzu direba ne a Kano, ya matsa masa lamba ya tattara ya koma can.

"Baba, me ya rage maka a nan in ba taurin kai ba?"

"Ina da ajiya," in ji Gwadabe. "Turamen da ke cikinta za su riƙe ni har a kai ni makwanci. In na je na tarar babu, ka zo ka ɗauke ni kamar buhun gero, ba zan ce uffan ba."

Da ruwa ya ɗauke, ya gayyaci abokansa biyu na ƙuruciya su raka shi: Sada wanzami, dogo mai surutu, da Ɗanladi, tsohon mafarauci da ya daina harbi saboda babu sauran abin harba. Da hantsi suka bar hanyar mota, suka bi burtalin shanu, shi ma suka bar shi suka kutsa inda babu sawun kowa. Gamba ta fi su tsayi, ƙarangiya ta cika musu wando. Sarƙaƙiya ta kama Sada a kunne, ya yi ta kwarara ihu, Ɗanladi ya ce ai dama wanzami ba ya son jarfa. Suka yi dariya irin ta tsofaffin da suka san gwiwarsu za ta ba su labari gobe.

Gwadabe bai taɓa sanin daji da gabas ko yamma ba, da itatuwa ya san shi. Daga kanya mai reshe a ƙasa ka yi dama, ka wuce tagwayen marke, ka gangara kwari. Yau babu kanyar, babu marken. Kututture ne ko'ina, da baƙaƙen tabo a ƙasa inda aka turara gawayi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a dajin nan sai ga shi yana tsayawa yana waige-waige kamar baƙo a tasha, kunya da baƙin ciki suka cika shi. Suka yi ta bulayi har rana ta take tsaka. Ruwansu ya kusa ƙarewa, suka yi taimama suka yi azahar, Sada ya fara maganar komawa. Ɗanladi ne ya hango falalen dutsen, don shi dai ba a gawayi da shi.

Ga ƙiryar nan kuwa a tsaye, ita kaɗai a cikin fili, mutum biyu ba sa haɗa hannu su zagaye ta. Dutsen da ya cusa yana nan, itacen ya girma ya rungume shi. Gwadabe ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ashe har yanzu akwai masu ganin shaidar mutum su girmama ta! Ya manta da gwiwa ya nufe ta da sassarfa.

"Tsaya, Gwadabe!" in ji Ɗanladi da murna. "Ka ga rabo a kan rabo. Zuma ce, dubi yadda suke shige da fice!"

Gwadabe ya ɗaga kai. Ƙudan zuma ne ke fita ta wata 'yar kafa can sama, wasu kuma ta wata a kusa da gindi. Ba girman shaidarsa ne ya hana masu gawayi ba, harbi suka ji wa tsoro. Shi kuwa ya san zuma ba ta zama cikin lafiyayyen itace. Duk da haka ya matsa a hankali, ya juya gizago ya ƙwanƙwasa jikinta da ƙota. Ta amsa masa kamar ganga. Ya zagaya ya sake bugawa, ya durƙusa ya buga ƙasa-ƙasa, ko zai sami gunduwa ɗaya mai lafiya. Kogo ne daga sama har ƙasa. Ya bar ta ta jira shi har ta ruɓe a tsaye.

Zuma ɗaya ta harbe shi a wuya, bai ko kai hannu ba. Sada, wanda bakinsa bai huta ba tun safe, ya zo ya kama shi ta kafaɗa ya janye shi. A hanyar dawowa Ɗanladi ne a gaba, babu wanda ya sake tayar da zancen zuma.

Gwadabe ya cika alkawari, bai ce uffan ba ranar da Munzali ya zo da mota. Yanzu yana wata unguwa a bayan Kano, yana wuni a kan benci a ƙofar gida, hannayensa a kan cinya. Mutanen layin suna da kirki, ba sa wuce shi ba gaisuwa. Baban direba suke ce masa, yana kuma amsawa.