Hannun Inna Larai Mai Wankan Gawa

Da hantsi za ka ga Inna Larai ta fito daga lungunsu a Tudun Wada, ƙullin ganyen magarya a bakin zane, tana jan ƙafa saboda ciwon gwiwa. Duk gidan da ta yi sallama sai gaban mutanensa ya faɗi, don ita ke wankan gawar mata a unguwar tun kafin a haifi yawancin masu gudunta. Ba a gayyatarta biki. Ana mutuwa kuwa, kowa ya san ƙofarta.

Mai wanka ba ta tona abin da ta gani, Inna kuma ba ta taɓa kama sunan kowa ba. Amma idonta ya gaji. Sau nawa ta ɗaga zane ta tarar nono ya zama gyambo, an ɗaure da tsumma, mace ta daɗe tana cin azaba ko uwarta ba ta sani ba? Wai kunya. Da abin ya ishe ta, ta je unguwar Hanwa wurin wata nas mai ritaya, Sista Keziya, ta ce a koya mata yadda ake laluben ƙullutu tun yana ƙarami. Daga nan ta shiga bin rayayyu gida-gida, ba mai biyanta ko sisi.

To, mu mutanen kirki, me muka saka mata da shi? Mata suka riƙa cewa Allah Ya tsari jikinsu da hannun da ke taɓa gawa.

Rauda mai ɗinki ce ta daure ta bari aka duba ta. Inna ta ji abu kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin nononta na hagu, ta ce gobe-goben nan su tafi asibiti. Sai dangin miji suka yi caa, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai watsu, a dai nemo na gargajiya. Inna ta yi ta zarya tana roƙo, har ranar da mijin, Muntaka, ya tare ta a zaure.

"Inna, tun da ranta kika zo auna mata likkafani?"

Maƙwabta sun ji, ba wanda ya ce masa kul. Ta juya ta tafi, ta yi kuka a hanya.

Damina ba ta zagayo ba sai ga aike daga gidan, Rauda ta rasu. Wallahi da wata ce da ta ce ƙafa ta hana ta. Inna ta ɗauki magaryarta ta je, ta wanke Rauda a hankali kamar mai tsoron fama mata ciwo, ta fito ba ta kalli kowa ba. A bakin rijiya Sumaiya, ƙanwar mamaciyar, ta kamo hannunta tun bai bushe ba, ta ɗora a ƙirjinta.

"Inna, ni ma akwai."

Washegari Inna ta sa ta a gaba sai asibiti. An sa ƙarfen, an yi aiki. Sumaiya na nan da ranta, ita ta ba ni labarin.

Inna, ke ce wadda muka ƙyamata don kin ga abin da muke ɓoyewa. Kin rufa wa matattunmu asiri, kin nemi ki rage wa kanki aiki, muka kore ki daga zaure. Yanzu gwiwa ta ci ƙarfinki, kin ce bana za ki ajiye wanka, kuma ban ji wanda ya zo da ko goro ya ce sannu ba. Mun gode, uwar marasa gata. Allah Ya saka miki, tunda mu mun kasa.

Ku kuma mata, ku koyi laluben nan, ku koya wa 'ya'yanku, ku tafi asibiti da ƙafarku. Inna ta ce har yanzu ƙofarta a buɗe take ga mai son a duba ta. Hannun nata dai ɗaya ne. Gara ya taɓa ki kina iya cewa kin gode.